Ta ci BAC, za ta samu likitanci? Tarihin ƙofar jami'a a Nijar



Bayan fitowar sakamakon BAC, wani dattijo daga wani ƙauye na ƙaramar hukumar Gangara ya kira mu a cikin shiri. Ɗiyarsa ta ci, seri A4, mwayen 11 da 'yan kai. Ya ce: "Ɗana, faɗa mini gaskiya. Yarinyar nan likita take son zama. Raguna biyu da buhunan wake munka ajiye saboda ita. In saida ko in dakata?"

Muka ce: "Baba, dakata tukuna." Minti biyu na waya ba su isa mu yi masa bayani ba, shi ya sa muka kawo zancen nan. Amsar tana da tarihi.

Zamanin Turawa, ɗan Nijar da ke neman ilimi mai zurfi sai ya bar ƙasar. Babbar ƙofa ita ce makarantar William Ponty ta Senegal, wadda ta zauna a tsibirin Gore kafin a maida ta Sebikotan a 1938. Da konkur ake shiga, kuma yaran dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka ne ke takara. Nan Boubou Hama ya yi karatu, nan Diori Hamani ya yi. Ta nan ne kuma Abdou Moumouni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya bi ya wuce Faransa, ya zama babban masanin kimiyya mai bincike kan hasken rana. A lokacin ba a wani dogon lissafi: in ba ka cikin 'yan ƙalilan na sahun gaba a ƙasar duka, to ba ka da rabo.

Bayan samun 'yanci a 1960 ma, sai da aka shekara goma sha ɗaya ana tura masu BAC waje, Dakar, Abijan ko Faransa. A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, ba da daɗewa ba ta zama cikakkiyar jami'a. Abdou Moumouni ya shugabance ta, kuma bayan rasuwarsa a 1991 aka sa mata sunansa. A waɗancan shekarun masu BAC ba su da yawa. Kusan duk wanda ya ci yana da wuri, yana da bursu, in ya gama kuma aikin gwamnati na jiransa. Wannan zamanin ne iyayenmu suka riƙe a kai har yau, shi ya sa suke ganin cin BAC shi ne ƙarshen wahala.

Abin ya soma sauyawa da kuɗin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya. Da aka zo taɓa bursu da ɗaukar aiki, ɗalibai suka fito. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, a gadar Kennedy ta Yamai, jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasa rayukansu. Daga nan bursu da aiki suka daina zama tabbas, yawan ɗalibai na ƙaruwa, jami'ar gwamnati kuma ɗaya tak.

Sai a 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi, kowace jiha ta samu tata. Tamu ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, wanda ya riƙe ministan ilimi zamanin Diori, kuma ana karanta aikin noma, kimiyya, kiwon lafiya da fasaha a cikinta. Yau ɗan Gangara ba ya bukatar ƙetare kogin Kwara don ya ga jami'a.

To ina matsalar take? Ƙofar gida ta faɗaɗa, amma ƙofofin ɗakunan ciki ba ɗaya suke ba. Wasu a buɗe, wasu da mai gadi. Likitanci, makarantun fasaha na IUT, makarantar injiniyoyin ma'adinai ta EMIG a Yamai, da bursun ƙasashen waje irin na Maroko da Aljeriya, duk tacewa ake yi, ko da konkur ko da duba dosiye. Maƙwabtanmu na Katsina suna da JAMB tun 1978, maki kan 400, kowa na kallon lambar da aka yanke. Mu a nan lissafin ya fi sarƙaƙiya. Ga abubuwa huɗu da za a duba.

Na ɗaya, seri. Likitanci da injiniyanci na masu C da D ne. Mai A4 hanyarsa shari'a, harsuna, tarihi, aikin koyarwa ko aikin jarida. Kuma ba a taminal ake yanke wannan ba, tun ranar da yaro ya gama BEPC aka sa shi segon A ko segon C. Ke nan rabin maganar an gama ta shekara uku kafin BAC, galibi uba bai ma sani ba.

Na biyu, makin darussan da suka shafi fannin. Mai neman likitanci, za a duba abin da ya samu a lissafi, kimiyyar halitta, fizik da shimi. Mwayen 12 da darussan adabi suka ɗaga ba daidai take da 12 ta kimiyya ba.

Na uku, yadda aka ci. Daga 10 an wuce, daga 12 mansiyon asebiyan, daga 14 biyan, daga 16 tirebiyan. Wanda ya ci a zagayen farko da mansiyon ya sha gaban wanda ya tsallake da ƙyar a zagaye na biyu. Kada dai a raina ko wanne, domin a 2021 waɗanda suka ci a ƙasar duka ba su kai kashi 25 cikin 100 ba.

Na huɗu, shekaru da takardu. Hukumar bursu ta ANAB tana duba shekarun ɗalibi tare da makinsa. Yaran karkara da dama sun shiga lakwal a makare, ko sun maimaita aji, ko kuma sunan da ke takardar haihuwa ya sha bamban da na takardar BEPC. Harafi ɗaya na iya tsaida dosiye. A gyara tun yaro na kwaleji.

Ko an haɗa duka huɗun, babu mai iya ba ka tabbas, domin layin yana hawa da sauka bisa yawan masu nema da yawan gurabe na shekarar. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sama wa ɗanka wuri, ka rabu da shi. A nemi fannin da ake buri, a haɗa da na biyu da na uku da makin yaro ya isa.

Mun sake kiran dattijon nan, muka gaya masa da A4 likitanci ba zai yiwu ba, amma shari'a a Tawa ko adabi a Damagaram da Yamai hanya ce a buɗe. Ya yi shiru, sannan ya ce ƙanwarta tana ajin BEPC bana, kuma ta iya lissafi. Muka ce: "To Baba, gobe ka je ka ga diraktan kwalejinsu." Ragunan dai za a saida, don haya da abinci a birni ba su jiran bursu.

Ku rubuto mana a ƙasa: seri nawa ake koyarwa a lisen garinku, kuma akwai malamin lissafi da na fizik? Za mu karanta amsoshinku a shirin ranar Asabar, in Allah ya kai mu. Allah ya ba ɗiyanmu sa'a.