Duba da Magani a Fadar Tibet: Daga Samye Zuwa Dharamsala

A cikin tsofaffin littattafan addinin Buddha da aka adana da harshen Pali, akwai wata huɗuba mai suna Brahmajala wadda ta jera sana'o'in da ba su kamaci sufi ba. Duban tafin hannu na ciki, da fassarar mafarki, da karanta kukan tsuntsaye, da zaɓa wa mutane ranar aure, da faɗin sarkin da zai ci yaƙi. Buddha, wanda ya rayu a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ɗauki waɗannan duka a matsayin ƙasƙantacciyar hanyar cin abinci ga mutumin da ya bar gida ya ɗauki ƙoƙon bara. Jinya kuwa bai raina ta ba. Yana da likitansa, Jivaka, kuma littafin dokokin sufaye ya kawo labarin yadda shi da kansa ya wanke wani almajirinsa mai ciwon atini bayan 'yan'uwansa sun yi watsi da shi.

Da addinin ya tsallake duwatsun Himalaya ya shiga Tibet, sai al'amarin ya sauya kama. A rabin ƙarshe na ƙarni na 8, Sarki Trisong Detsen ya gina Samye, gidan sufaye na farko a ƙasar. Mutanen Tibet suna da iskokinsu na duwatsu da tafkuna tun kafin zuwan sabon addinin, kuma ba su da niyyar rabuwa da su. Ruwayar da suka gada ta ce malamin da aka gayyato, Padmasambhava, bai kori iskokin nan ba. Ya rinjaye su ne ya sa su rantse za su tsare addini. Ɗaya daga cikinsu, Pehar, aka ɗora masa gadin dukiyar Samye. Ko mutum ya gaskata ruwayar ko bai gaskata ba, ta nuna dabarar da aka yi: tsohuwar al'ada ta samu gurbi a sabon gida, da sharaɗin ta zauna ƙarƙashin malamai.

Ta wannan ƙofa duba ya shigo, kuma ya shigo da faɗinsa. Talaka mai shirin fatauci, ko wanda ɗansa ba shi da lafiya, yakan je wurin lama, wato malamin addini, ya yi masa abin da suke kira mo. Laman zai yi addu'o'insa, ya jefa 'yan duwatsu masu fuska shida, ko ya kama carbinsa a wurare biyu ya ƙirga abin da ya rage a tsakani. Idan maganar babba ce, sai a rubuta amsoshi a 'yan takardu, a cusa kowace cikin curin garin sha'ir, a juya su a kwano gaban gunki har ɗaya ya faɗo. Ga kuma ilimin taurari, wanda ya zo ta hanya biyu: lissafin Sin na dabbobi goma sha biyu da sinadarai biyar, da lissafin Kalachakra na Indiya. Daga shekarar 1027 mutanen Tibet suka fara ƙirga zagayen kalandarsu mai shekara sittin.

Ilimin magani, Sowa Rigpa, tare da wannan ya girma. Babban littafinsa shi ne Gyushi, mai kashi huɗu, wanda masana ke danganta tsara shi ga Yuthok Yonten Gonpo Ƙarami a ƙarni na 12, ko da yake littafin kansa ya zo da sigar koyarwa daga bakin Buddha na Magani, wanda ake zanawa da shuɗin jiki yana riƙe da reshen itacen arura. A fahimtar littafin, abu uku ne ke tafiyar da jiki: lung, wato iskar da ke yawo cikin hanyoyin jiki, sai ruwan matsarmama, sai majina. Kowanne yana da tushe a hali: kwaɗayi ke tayar da iska, ƙiyayya ke tayar da matsarmama, duhun kai ke tara majina. Likita yakan ɗora yatsu uku a kan kowane hannu ya saurari bugun jijiya, ya duba launi da kumfar fitsarin asuba, ya tambayi abinci da barci. Daga nan ya gyara cima, ya ba da ƙwayoyin saiwoyi, ko ya ƙona ganye a kan wasu gurabe na jiki domin kwantar da iskar da ta tashi. Sufaye masu zurfin horo kuma suna da nasu atisaye na numfashi da tattara hankali domin sarrafa iskar nan. Magani kansa ba a ganin ya cika sai an yi masa mendrup, taron addu'a na kwana da kwanaki da ake yi a kan tarin ƙwayoyi. Likita ba ya rabuwa da kalanda, domin akwai ranar tsinkar ganye, akwai ranar da ba a fitar da jini.

Duk wannan ya zama aikin hukuma ne a ƙarni na 17. A shekarar 1642, Dalai Lama na Biyar ya karɓi mulkin Tibet da taimakon sojojin Gushri Khan na Mongol. Wannan Dalai Lama ne ya ɗaga darajar wani ƙaramin gidan ibada mai suna Nechung, kusa da babban gidan sufaye na Drepung a yammacin Lhasa, ya mai da shi wurin duban gwamnati. An ce Pehar ya baro Samye ya tare a can, kuma wazirinsa Dorje Drakden ne ke hawa kan wani sufi da ake kira kuten. Wanda ya taɓa ganin hawan bori zai gane yanayin: kaɗe-kaɗe da busa, jiki ya ɗauki rawa, fuska ta kumbura, murya ta sauya. Sai dai wannan a gaban fada ake yin sa. Kuten yakan sa riguna masu nauyi da madubin ƙarfe a ƙirji, a ɗaura masa hular da mutum cikin hayyacinsa ba zai iya yawo da ita ba, ga magatakarda a gefe yana rubuta duk abin da ya fito daga bakinsa, a kai wa majalisa.

Mutumin da ya fi kowa aiki a wannan zamani shi ne Desi Sangye Gyatso, mai riƙon gwamnati. Da Dalai Lama na Biyar ya rasu a 1682, sai ya ɓoye rasuwar wajen shekara goma sha biyar, yana cewa maigidan ya shiga halwa, har aka kammala ginin fadar Potala. A zamanin riƙonsa ya faɗaɗa Nechung, ya rubuta babban littafi kan taurari, ya rubuta sharhin Gyushi, ya sa aka zana hotuna 79 na sassan jiki da tsirrai da kayan aiki domin koyar da ɗalibai. A 1696 ya kafa makarantar likitoci a kan dutsen Chagpori, daura da Potala. A ganina, wannan shi ne mafi alherin abin da ya bari, domin ya fitar da ilimin magani daga hannun gidaje 'yan ƙalilan masu gadonsa ya sa shi a makaranta mai jarrabawa.

Duba kuwa, tunda ya shiga fada, sai ya shiga rigimar fada. A Tibet, babban lama idan ya mutu ana neman jaririn da aka yi imani ya sake dawowa duniya a jikinsa, kuma yaron zai gaji kujera da gonaki da bayi. Masu duba suna cikin waɗanda ke nuna gidan da za a nufa. A ƙarni na 18 sai aka lura manyan lamomi suna yawan ɓullowa a gidajen masu hannu da shuni, wani lokaci wa da ƙane a ɗaki ɗaya. Bayan Gurkawan Nepal sun kutsa Tibet sun wawashe gidan sufaye na Tashilhunpo a 1791, Sarkin Sin Qianlong ya aiko da runduna ta kore su, sannan ya juyo kan masu duba, yana zarginsu da karɓar toshiya. A 1793 ya kafa dokar tulun zinariya: a rubuta sunayen yaran da ake zato a kan 'yan sandunan hauren giwa, a zuba cikin tulu, a ciro ɗaya a gaban wakilin sarki. Zargin nasa ba banza ba ne, amma maganin da ya kawo shi ma ƙuri'a ce, bambancin kawai hannun da ke riƙe da tulun. An yi amfani da shi wajen zaɓen wasu Dalai Lama a ƙarni na 19, ba a yi ba wajen na Goma Sha Uku da na Goma Sha Huɗu.

Ƙarni na 20 ya zo da jarrabawa mai tsanani. A ƙarshen 1903 rundunar Birtaniya ƙarƙashin Francis Younghusband ta taso daga Indiya. A ranar 31 ga Maris 1904, kusa da Guru, sojojin Tibet masu tsofaffin bindigogi, sanye da layun da aka ce harsashi ba ya ratsawa, suka fuskanci manyan bindigogi masu aman wuta. Sama da 600 suka mutu cikin ɗan lokaci. Dalai Lama na Goma Sha Uku ya fice zuwa Mongoliya. Da ya dawo daga shekarun gudun hijira ya kama gyaran ƙasa, kuma a 1916 ya kafa Men-Tsee-Khang a Lhasa, cibiya ɗaya da ta haɗa magani da lissafin taurari, ƙarƙashin likita Khyenrab Norbu.

Rasuwar Dalai Lama na Goma Sha Uku a watan Disamba na 1933 ita ce wurin da hanyoyin biyu, duba da magani, suka yi mummunan karo. Yana kwance da rashin lafiya aka kira kuten na Nechung cikin dare. Iska ta hau shi, ya ba da umarnin wani magani mai ƙarfi, aka ɗura wa majinyacin. Jikin ya ƙara rikicewa, bai tashi ba. Fada ta yi bincike, aka kori babban na hannun damansa, Kunphela, daga Lhasa, likita da kuten su ma ba su tsira daga hukunci ba. Ba shakka siyasa ta shiga shari'ar, domin Kunphela yana da maƙiya da yawa. Amma abin da ya faru a ɗakin yana da nauyinsa: an bar mutumin da ba ya cikin hayyacinsa ya sha gaban likitan da ya yi shekaru yana koyon bugun jijiya.

Duk da haka, da aka tashi neman magaji, ga duba aka koma. A 1935 mai riƙon sarauta, Reting Rinpoche, ya je tafkin Lhamo Latso, ya ce ya ga haruffa uku da wani gidan ibada da wani ƙaramin gida a cikin ruwan. Masu nema suka nufi Amdo a arewa maso gabas, suka samu yaron da aka haifa ranar 6 ga Yuli 1935 a ƙauyen Taktser. Shi ne Tenzin Gyatso, aka naɗa shi Dalai Lama na Goma Sha Huɗu a 1940. Sojojin Sin suka shiga gabashin Tibet a Oktoba 1950, wata guda bayan haka aka miƙa masa cikakken mulki yana da shekara 15. A Maris 1959 Lhasa ta yi bore. A littafin tarihin rayuwarsa na 1990 Dalai Lama ya ba da labarin cewa ya tuntuɓi Nechung aka ce ya zauna, sai ranar 17 ga wata amsar ta juya: ya fita a daren nan, har kuten Lobsang Jigme ya zana masa hanyar da zai bi. Ya ce shi ma ya yi nasa mo ya samu amsa iri ɗaya. Ya fita da kayan soja, ya isa iyakar Indiya a ƙarshen watan. Kwanaki kaɗan bayan fitarsa, igwa ta rusa makarantar Chagpori.

A ƙasar hijira aka sake gini. An buɗe sabuwar Men-Tsee-Khang a Dharamsala a 1961, Yeshi Dhonden na jagorantar sashen magani. Tenzin Choedrak, likitan Dalai Lama da ya shafe kusan shekara ashirin a tsare, ya iso a 1980 ya dawo da ilimin haɗa manyan ƙwayoyi. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan da zaiba ake haɗa su bayan an sarrafa ta, kuma likitocin zamani suna da gaskiya da suke neman a riƙa auna su, domin addu'a ba ta sauya abin da ƙarfe mai guba ke yi wa ƙoda. Indiya ta amince da Sowa Rigpa a hukumance a 2010. Cibiyar Lhasa ma ta tsallake Juyin Al'adun Sin na 1966 zuwa 1976, ta zama babban asibiti, har yau tana buga kalandar da manoma ke dubawa. Gwamnatin Sin ta ga riba da suna a maganin Tibet, a 2018 UNESCO ta sa wankan magani na Lum cikin gadon al'adun duniya.

Magani ya samu masauki a ɓangarorin biyu, duba ne har yanzu ake jayayya a kansa. Lobsang Jigme ya rasu a 1984, Thupten Ngodup ya gaje shi a 1987, kuma Dalai Lama yana ci gaba da tuntuɓar Nechung, yana cewa shawara ce yake ji, hukunci nasa ne. A Mayu 1995 ya ayyana yaro ɗan shekara shida, Gedhun Choekyi Nyima, a matsayin sabon Panchen Lama, ɗaya daga manyan lamomin Tibet. Hukumomin Sin suka ɗauke yaron, ba a sake ganinsa a bainar jama'a ba, a watan Nuwamba kuma suka fito da tulun Qianlong a haikalin Jokhang suka ciro sunan Gyaincain Norbu. A 2007 suka kafa dokar da ta ce babu laman da zai sake dawowa duniya a idon hukuma sai da izinin gwamnati. Ranar 2 ga Yuli 2025, kwana huɗu kafin ya cika shekara 90, Dalai Lama ya bayyana cewa za a nemi magajinsa, kuma gidauniyarsa ta Gaden Phodrang ce kaɗai ke da ikon tabbatar da shi. A ranar Beijin ta mayar da martani cewa sai an bi ta tulun zinariya da amincewar gwamnatin tsakiya.