Doki da Littafi: Abin da Ya Kamata Mahayi Ya Ajiye a Taskarsa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwan rani ya sauya fuskar Kura da Bunkure. Filayen da iyayenmu suke yanko wa dawakinsu ciyawa sun koma fadamun shinkafa, alkama da tumatir, babur kuma ya karɓe aikin da doki yake yi. Duk da haka ba mu rabu da doki ba, domin da yawa daga cikinmu mazauna birane muna da ingarma a turke saboda hawan salla ko angwanci. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ilminsa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi littattafan da suka adana shi.

Na farko shi ne Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. A nan ne za mu ga Sarki Kananeji (1390 zuwa 1410) ya shigo da lifidi, kwalkwali da sulke, yana kuma aika wa Kwararrafa dawaki. A nan ne kuma aka lissafa dawakin zage, kakaki da figini cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya ƙago. Wanda ya karanta wannan zai gane cewa adon da muke kallo ranar salla ragowar shirin yaƙi ne da tsarin mulki. A haɗa masa da Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, domin sanin sarakunan da suka biyo baya.

Na biyu, littattafan da suke zaurukan malamanmu tun da can. Muwaɗɗa ta Imamu Malik tana da babi kan dawaki da tserensu, tana kuma bayyana cewa babu zakka a kansu. Muhtasar na Shehu Halil ya ware babi kan sharuɗɗan tsere. Mai sha'awar sukuwa ya fara da waɗannan, don ya bambance gasar da shari'a ta yarda da ita da caca. Mai Larabci ya ƙara da Kitabul Haili na Abu Ubaida, sannan Kamilus Sina'ataini, wanda Abubakar ɗan Badar, likitan dawakin Sarkin Masar Nasiru Muhammadu, ya rubuta a ƙarni na 14 kan kiwo da magani.

Na uku, ayyukan masu bincike na zamani. Robin Law ya wallafa The Horse in West African History a 1980, inda ya bi diddigin yadda manyan dawaki, sirdi da likkafa suka yaɗu a ƙasashenmu, da yadda ƙudan tsando ya hana doki zama a kurmi. Joseph Smaldone kuwa, a Warfare in the Sokoto Caliphate na 1977, ya nuna matsayin barade a rundunonin daular Usmaniyya. Kada a raina ƙamusun Bargery na 1934: a cikinsa ne za a tarar da akawal, kili, danda, bidi da gunya, sunayen da yaranmu na birni suke ji kamar baƙon harshe.

Na huɗu, littafin likitan dabbobi, kuma mu mutanen ƙasar ban-ruwa mun fi kowa bukatarsa. Ƙasa mai danshi tana hayayyafar da ƙananan ƙwari masu cizo da dare, waɗanda suke yaɗa annobar dawaki mai kisa cikin 'yan kwanaki. Bambaron shinkafa kuma, duk yawansa a wurinmu, ba ya maye gurbin harawa, dusa da hatsi. Littafi zai nuna wa mai doki alamun ciwo, amma allura da magani aikin likita ne.

Akwai littafi na biyar da ba a rubuta ba tukuna. Yana cikin kawunan dattawanmu, tsofaffin zagage da barorin barga, baduƙai masu ɗinka kayan doki da maƙeran linzami. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, amma wannan girmamawa ba za ta hana dattijo tafiya da iliminsa ba.

Don haka muna kira ga ƙungiyarmu ta ware kanta guda a ɗakin karatu domin waɗannan littattafai, ta kuma tura ɗalibanmu su naɗi bayanan dattawa kafin salla mai zuwa. Kowane reshe na birni ya ɗauki nauyin littafi ɗaya. Allah Ya ja zamanin iyayenmu, Ya albarkaci ƙasarmu.