Matan Gobir da Gudun Hijira: Daga Faɗuwar Alƙalawa Zuwa Yau

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba halin da mata da 'yan mata kan shiga idan yaƙi ya tashe su daga gidajensu a ƙasar Gobir, watau yankin Sabon Birni da Isa da kewayensu, sa'an nan a bi diddigin hanyoyin da aka bi a da, da waɗanda ake bi yanzu, don kwantar musu da hankali da koya musu abin dogaro da kai. A yau ana ɗaukar wannan aiki tamkar baƙon abu ne da ƙungiyoyin agaji suka zo da shi. Tarihi kuwa ya nuna cewa wannan ƙasa ta taɓa ganin irin wannan masifa shekaru ɗari biyu da suka wuce, kuma mata ne da kansu suka fito da maganin da ya fi daɗewa yana aiki.

Ƙasar da mutanenta

Sabon Birni da Isa suna arewa maso gabashin Jihar Sakkwato, inda gulaben Bunsuru da Gagare da gulbin Maraɗi suke haɗuwa su zama gulbin Rima. Ƙasa ce ta fadama, mai albarkar noma da kiwo, saboda haka tun fil azal ba ta rabu da masu hanƙoron mallakarta ba. Gobirawa sun gangaro daga Azbin sannu a hankali, har a tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa, ya kuma rushe Birnin Zamfara. Kufan Alƙalawa yana nan cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni.

A tsarin sarautar Gobir akwai wata mace mai muƙami babba, ita ce Inna. Daga gidan sarauta ake naɗa ta, ita ce uwar mata da shugabar 'yan bori, kuma tana da fada da fadawa nata. Macen da ta haɗu da ciwon da ba a gane kansa ba, ko firgita, ko baƙin cikin da ya ƙi wucewa, gidan Inna ake kai ta. Ko me malamai suka faɗa game da bori, kuma sun yi tir da shi ƙwarai, abin lura ga mai nazarin tarihi shi ne cewa matan Gobir suna da wata ƙofa tasu ta kai kuka, kuma mace ce ke zaune a bakinta.

Watsewar farko

A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira da jama'arsa daga Degel zuwa Gudu. Aka gwabza a Tafkin Kwatto cikin wannan shekara, aka ci gaba da yaƙi har Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Amma faɗuwar birnin ba ta kawo ƙarshen fitina ba. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun yi ta kai hari shekara da shekaru, har dajin Gundumi ya zama abin tsoro ga fatake. Clapperton ya ratsa shi a 1824, Barth kuma a 1853, dukkansu sun ba da labarin yadda ayari ke tafiya dare da rana ba zango don gudun mahara. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa a Gawakuke, bayan haka Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Can a rabin ƙarshe na ƙarnin Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni, Isa kuma ta tsaya a matsayin ribaɗi na ɓangaren Sakkwato.

Littattafan tarihi sun cika da sunayen sarakuna da barade, amma kaɗan ne suka tsaya kan matan da waɗannan yaƙe-yaƙe suka ɗaiɗaita. Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan: da yawa daga cikinsu ba gudu suka yi ba, kama su aka yi, aka raba su ganima, suka zama bayi da ƙwaraƙwarai a Sakkwato da Wurno da rumadan da ke kewaye. Wasu mazajensu sun faɗi a fagen fama, ta wannan ɓangare ko ta wancan. Mace ta wayi gari a garin da ba ta san kowa ba, ba miji, ba dangi, ba Innar da za ta kai wa kuka.

Nana Asma'u da 'Yan Taru

Wadda ta fi kowa fahimtar wannan hali ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira, saboda haka ta ɗanɗani tafiyar ƙasa da yunwa da zaman ɗar-ɗar tun tana yarinya. Daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. A wajen ƙarshen zamanin Bello da 'yan shekarun da suka biyo baya ne ta kafa tsarin da aka sani da suna 'Yan Taru.

Yadda tsarin yake shi ne, a kowane ƙauye akan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, Asma'u ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Masu bincike, musamman Jean Boyd wadda ta daɗe a Sakkwato, sun nuna cewa malfar nan alama ce ta Innar Gobir. Ashe ke nan Asma'u ta ɗauki alamar da matan ƙasar suka riga suka sani suna girmamawa, ta ɗora ta a kan malama. Jaji takan jagoranci tsofaffi da 'yan mata ƙanana, waɗanda hidimar aure ba ta ɗaure su ba, su zo wurin Asma'u su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan aure a cikin gidajensu.

Karatun da waƙa ake yin sa, da Hausa da Fulatanci, don wadda ba ta iya karatun allo ba ta haddace tana daka ko tana kaɗi. Ana koyar da tsarki da salla da tarihin Annabi, da labarin mata salihai na da. A 1839 Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwan, inda ta tattara fa'idojin surorin Alƙur'ani ga mai ciwo da mai tsoro da mai naƙuda da mai talauci. Watau ta gane cewa ba ya yiwuwa a hana mace zuwa gidan bori a bar ta da firgitarta, sai an ba ta wani abin da za ta riƙe. Har ila yau 'Yan Taru sukan duba marasa lafiya, su yi wa gawa wanka, su sasanta ma'aurata, su share masallaci. Tsarabar hatsi da zuma da man shanu da suke kawowa kuma a raba wa mabukata. Bayan rasuwar Asma'u ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin, bai kuwa yanke ba har bayan zuwan Turawa a 1903.

Ba a ce 'Yan Taru sun 'yanta baiwa ko sun mayar da kowa garinsu ba. Abin da suka yi shi ne sun sama wa macen da ta rasa kowa wata jama'a, da uwa, da aikin da za a girmama ta saboda shi.

Iyaka da yunwa

Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 sun raba Gobir biyu, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni hannun Ingila. Amma auratayya da zumunci ba su san da iyaka ba. A yunwar 1913 zuwa 1914, da farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, mutanen arewa ne suka gangaro kudu, 'yan'uwa suka ba su masauki. Mata sun rayu a lokutan nan da sana'o'in hannu: surfe da daka, dakan fura, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, daddawa, saƙar tabarma da faifai, da kiwon jar akuya. Adashi kuma shi ne bankinsu.

Watsewa ta biyu

Fitinar 'yan bindiga da ta kunno kai a Zamfara wajen 2011 ta malalo zuwa Isa da Sabon Birni, ta yi ƙamari daga 2019. Dajin Gundumi ya koma abin da yake a zamanin Clapperton. A wannan karo hanya ta juya, mutanen kudu ne suka nufi arewa. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa a watan Afrilu na 2020 kaɗai kimanin mutum 23,000 ne suka tsallaka Nijar daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, mafi yawansu mata da yara. Da yawa sun sauka a ƙauyukan Gidan Rumji, daga baya aka matsar da wasu zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori don nisantar da su daga iyaka. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a Garki da ƙauyukan da ke kusa da ita. A Disamba na 2021 an ƙone matafiya cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A Agusta na 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Idan basarake bai tsira ba, ina ga bazawara mai goyo?

Kafin a yi maganar taimako ya kamata a san abin da mace ta rasa. Awakinta da kayan ɗakinta su ne ajiyarta, an kore su ko an ƙone. Abokan adashinta da ƙawayen bikinta sun watse. Wadda aka kashe wa miji tana da takaba ta wata huɗu da kwana goma, ga shi ba ɗakin da za ta zauna ta yi ta, sai ajin makaranta ko kangon wani. Wadda aka sace aka yi wa fyaɗe ta dawo da kunyar da ba ita ta jawo ba, wani lokaci da ciki. Yarinya kuma karatunta ya tsaya, sai talla ko bara ko auren da aka gaggauta don a rage baki. Daga nan rashin barci da razana da yawan shiru ke samo asali.

Taimakon zamani

An yi wasu abubuwa na a zo a gani. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan mutanen da aka raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu. A 2020 an buɗe Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, inda waɗanda aka ci zarafinsu ke samun magani da shawara. A 2021 Jihar Sakkwato ta sa hannu kan dokar hana cin zarafin mutane da dokar kare yara. Akwai kuma asibitin masu taɓin hankali na tarayya a Kware. Ƙungiyoyin agaji na gida da na waje sukan keɓe wuri inda mata za su zauna su kaɗai su amayar da abin da ke cikinsu, a koya musu ɗinki da saƙa da yin sabulu da man shafawa, a koya wa 'yan mata karatu da lissafi da tsabtar jiki da sanin haƙƙinsu.

Sai dai idan aka auna wannan da ma'aunin 'Yan Taru, giɓi uku za su bayyana. Na farko, nisa. Cibiyoyin suna birni, matan kuwa suna Gatawa da Isa da bakin iyaka, hanya kuma ba ta da aminci. Jaji kuwa ita ke zuwa inda mata suke. Na biyu, ƙarancin kwana. Shirin agaji yakan zo da wa'adi, kuɗi na ƙarewa a naɗe tabarma, alhali ciwon zuciya ba ya warkewa a wata shida. Shekaru da dama kuma babban shirin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijeriya ya taƙaita ne ga Barno da Adamawa da Yobe. Na uku, sana'ar da ba kasuwa. In an koya wa mata hamsin yin sabulu a gari guda, ba jari, masu saye kuma su ma 'yan gudun hijira ne, to an ba su takarda ce kawai. Akuya biyu da adashin da aka farfaɗo da shi sau da yawa sun fi wannan amfani, domin sana'a ce da mace ta riga ta iya.

Kammalawa

Darasin da tarihin Gobir ya bayar a fili yake. Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A kowane zango na 'yan gudun hijira akwai ungozoma, da malamar Islamiyya, da uwar adashi, da dattijuwar da kowa ke jin maganarta. Waɗannan su ne jajin wannan zamani. In aka horar da su sanin alamun ciwon da ya fi ƙarfin lallashi don su miƙa shi ga likita, aka ɗaure su da riƙon sirri, aka ba su ɗan abin hasafi da girmamawa a idon jama'a, aikin zai saura ko bayan motar ƙungiya ta tafi. Sarakuna da malamai kuma nauyi ne a kansu su faɗa a bainar jama'a cewa wadda aka zalunta ba ta da laifi, ɗan da ta haifa ma haka.

Duk da haka, kada a manta cewa keken ɗinki ba ya tare harsashi. Mutanen Gobir ba su sami komawa fadamar kakanninsu su kafa Sabon Birni ba sai da aka yi sulhu aka sami aminci. Matan da ke Gidan Rumji da makarantun Isa a yau, abin da suke roƙo kafin kome shi ne a buɗe musu hanyar gona da ta kasuwa su koma gida. Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, ya mayar da kowace ɗakinta lafiya, amin.