Sisi, Sule da Kwabo

Mutanen da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903, suka zauna Mai Wurno a bakin Nilu, da wuri suka saba ciniki. Mahajjatan baya ne suka kawo sunayen kuɗin Ingila har Dindir. Kwabo, asalinsa sunan jan ƙarfe ne a Turanci. Sisi kwabo 6 ne, sule kwabo 12, fam kuwa sule 20. A 1973 Nijeriya ta koma naira, sisi ya mutu, amma har yau matalauci yakan ce ba shi da ko sisi. 'Ya'yanmu jine suka sani. Saboda haka, mai koyar da baikon gwauruwa cikin Markus 12, in ya ce kwabo, sai ya bayyana, kada ƙanƙantar baikon ta ɓace musu.