DAGA FAIFAN TALLA ZUWA WAYAR HANNU: TARIHIN KASUWAR DA KE CIKIN ƊAKIN UWA

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, saboda wata magana da ta taso a cikin danginmu wadda ta hana ni sukuni har sai da na ɗauki biro.

Kwanakin baya mijin ƙanwata ya yi mini sallama bayan la'asar. Muka gaisa, na ga dai bakinsa da magana. Can sai ya nisa ya ce, "Yaya, ƙarar ƙanwarki na kawo. Tun da ta fara wannan tallar ta waya ba ni da mata a gida. In shigo tana ɗaukar hoton atamfa, in fita tana amsa saƙon mutanen da ba ta taɓa gani ba. Iyayenmu mata ba su san wannan ba, zaman aure suka yi, abin da miji ya kawo shi suke ci."

Na ba shi haƙuri, na ce zan yi mata magana. Amma maganarsa ta ƙarshe ita ce ta tsaya mini a rai, domin ni 'yar talla ce, jikar mai kaɗi, na kuma san cewa ba haka abin yake ba. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi baya, tunda an ce waiwaye adon tafiya.

Tun kafin zuwan Turawa, arzikin Kano a kan tufa ya tsayu. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a shekarar 1851, ya yi mamakin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, ya kuma lura cewa a cikin gidaje ake yin aikin, babu wata babbar masana'anta. To, mai karatu, wa ke yin zaren? Masaƙi galibi namiji ne, marini namiji ne, fatake maza ne, amma zaren duk daga hannun mata ya fito. Mace tana zaune a ɗakinta da taskirarta, ta gurje auduga ta fitar da gurya, ta shiɓe ta da baka, ta shafa alli a yatsa ta murza mazari, goyo a bayanta, tukunya a kan murhu. In zare ya taru ta ba yaro ko wata tsohuwa a kai kasuwa. Ke nan duk rigar da ta fita daga Kasuwar Kurmi ta tsallaka hamada, akwai guminta a ciki ko da ba a ambaci sunanta ba.

Akwai ma waɗanda suka wuce nan suka shiga fatauci sosai. Mahaifiyar Alhaji Alhassan Ɗantata, wadda ake kira Amarya, 'yar kasuwa ce da ta je har Ankara ta ƙasar Gana ta zauna tana harkarta. Amma yawancin mata a cikin gida suka yi nasu.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 aka soma kashe bauta, sai wani abu ya faru wanda ba kowa ya lura da shi ba. A wancan lokaci aikin gona a wurin mace alamar bauta ne, don haka mata da yawa da suka sami 'yanci suka daina fita gona, kulle ya yaɗu daga gidajen sarakai da malamai har ya shiga ƙauye. Mace ta shige gida, amma hannunta bai zauna ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ga man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da tunkuza sun zama sana'ar mata. A hankali kuma zaren kanti da yadin Turawa suka karya kasuwar kaɗi, musamman bayan da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ta sha gaya mini cewa ranar da ta ga mutane sun fi son zaren kanti ba ta tsaya kuka ba, mazarinta ta jefa cikin adudu ta sayi kaskon suyar gyaɗa. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza.

Abin ban sha'awa shi ne baƙi sun riga mu rubuta wannan tarihi. Wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau a tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, littafin ya fito a 1954 da sunan Baba of Karo, kuma a cikinsa za ka ga yadda mata ke da nasu kuɗi da nasu biki da ƙawance. Wata kuma, Polly Hill, ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, a 1969 ta fitar da rubutu a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki a ƙasar Hausa. Ta gano cewa hatsi da sauran kaya masu yawa a cikin gidaje ake sayar da su ta hannun matan kulle, har ta kamanta garin da saƙar zuma, kowane gida da nasa ɗan ramin ciniki. Baƙo zai ratsa gari ya ce babu kasuwa, alhali kasuwar tana bayan katanga.

To ta yaya mace da ba ta fita take samun masu saye? Hanya biyu ce. Ta farko dillaliya, tsohuwa ko bazawara mai ƙafa, wadda ke shiga gida-gida da ƙullin kaya a ka. Ta san wadda za ta aurar da 'ya tana neman kwalla da langa, ta san wadda ta matsu tana so ta sayar da zaninta a asirce. Ba ta da jari sai baki da amana, ladanta kuwa la'ada. Hanya ta biyu ita ce yara, wato talla. Wata Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta zauna a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a cikin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matan kulle a kan ƙafar yara ta dogara, ribar tallar yarinya kuma da ita ake tara mata kayan ɗaki. A daidai lokacin ne gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai uwa ta sami kanta a tsaka mai wuya: in ta tura yarinya boko sana'a ta tsaya, in ta ɗora mata faifai karatu ya tsaya.

Wannan tsaka mai wuyar a kaina ta ƙare, don haka ba labari aka ba ni ba. Bayan da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986, kamfanin da Babanmu ke aiki ya rage ma'aikata, shi ma aka sallame shi. Fiye da shekara biyu ɗanwaken Inna da ƙuli-ƙulinta su suka riƙe gidanmu, su ne cefane, su ne kuɗin magani, kuma ko sau ɗaya ba ta bari maƙwabta suka sani ba. Da safe takan ƙulle kuɗi a gefen zani ta miƙa wa Baba a ɗaki, shi kuma ya fito tsakar gida ya ba ta a gabanmu a matsayin kuɗin cefane. Sai da na girma na gane wannan wasan, na yi kuka ranar da na gane.

Amma ni ce ƙafar wannan sana'a. Ina 'yar shekara tara nake ɗaukar kwanon ɗanwake tun da duku-duku, sai na sayar na dawo sannan in sa kayan makaranta, kullum ina cikin masu shan bulalar latti. Na maimaita aji huɗu. Wata rana wani mutum a bakin tasha ya ci na sule biyar ya ce in bi shi lungu in karɓi kuɗi, Allah Ya sa wata mai fura ta daka masa tsawa ta kore ni gida. Da ƙyar da taimakon kawuna na gama sakandare. Ƙawata da muke fita tare ba ta wuce aji uku na firamare ba, ga ta da ƙwaƙwalwar lissafi da ta fi tawa nesa ba kusa ba. Duk wanda zai yabi sana'ar iyayenmu mata, to ya tuna cewa 'ya'yansu mata ne suka biya wani kaso na kuɗin da karatunsu.

Shekarun 1990 sun zo da injin taliya da keken ɗinki da injin saƙa da firji, mata suka shiga ƙanƙara da zoɓo da lamurje. Mu ma marubuta mata a cikin wannan layi muke, domin irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa sun nuna mana cewa mace za ta iya rubuta littafi a ɗakinta ya zaga ƙasa. Ni kaina littafina na farko a kan tabarma na rubuta shi, bayan yara sun yi barci, da adashin da na ɗauka aka buga shi.

Sai ga wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. Da farko ta masu hali ce, amma kafin shekara goma ta shiga kusan kowane gida. Aka ƙirƙiro Facebook a 2004, WhatsApp a 2009, Instagram a 2010, sannu a hankali suka iso hannun matan aure. Kullen annobar korona na 2020, lokacin da aka rufe kasuwannin Kano, ya tura mata da yawa ciniki ta waya, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya koya wa har tsofaffi karɓar kuɗi ta tiransifa.

Yau ga abin da ƙanwata take yi. Ba ta da shago, ba ta ma da kayan kanta. Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana turo mata hotunan atamfa da leshi da shadda, ta ɗora ribarta ta saka a shafinta da zaurukan mata. Wadda ta gani ta so ta turo kuɗi, yaron shago ya kai kayan tasha a ba direba, gobe suna Gombe ko Maraɗi. Wasu matan sun ma wuce nan: tallar kanta ita ce hajarsu. Mai turaren wuta ko mai kayan kicin za ta biya su su saka mata talla saboda yawan mabiyansu, wasu kuma ana ba su albashin wata su riƙe wa kanti shafinsa, su ɗauki hoto, su tsara kalamai, su amsa masu tambaya. Don Allah mai karatu, wannan ba ita ce dillaliyar nan ta da ba? Jarinta baki da amana, ladanta la'ada. Ƙullin kayan ne kawai ya koma cikin waya.

Sai dai ba zan ɓoye ba, sabuwar kasuwar tana da nata ƙaya. Dillaliyar da an san gidanta, an san danginta, in ta ci amana gari ya ɗauka. Ta yanzu kuwa za ta iya karɓar kuɗin mutum hamsin ta rufe layi. Akwai masu turo shaidar biya ta ƙarya, an taɓa yi wa ƙanwata haka ta biya kuɗin turmi uku daga aljihunta. Akwai mazan banza masu fakewa da ciniki. Sannan rumfar ba tamu ba ce, aro aka ba mu: ranar 4 ga Oktoba 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida, mata da yawa sun gane haka. Babbar matsalar kuma ita ce kasuwar waya ba ta tashi. Ta Inna tana ƙarewa in ɗanwake ya ƙare, wannan kuwa har tsakar dare saƙo na shigowa. A nan kam mijin ƙanwata yana da gaskiya, kuma na gaya mata haka ba tare da kwana-kwana ba.

Da suka zo gidana tare, na ce masa, "Malam, ka je ka tambayi Hajiyarka abin da ta sayar aka yi maka kuɗin makaranta." Ya yi shiru, can ya yi murmushi ya ce, "Alala da kunun zaƙi, Yaya. Yayata ce ke kaiwa bakin asibiti." Na ce, "Ita yayar taka aji nawa ta gama?" Bai amsa ba. Na ce masa to ga 'yarka nan tana aji biyu na sakandare, ba ta taɓa ɗora faifai a ka ba, tallar da ya kamata ta ɗauka waya ce ta ɗauke mata. Ita kuma ƙanwata na ce mata daga magariba zuwa barcin yara a ajiye waya, wanda ya matsu ya jira safiya, Inna ma ba ta taɓa barin tuwon Baba ya ƙone saboda mai sayen ƙuli-ƙuli ba.

A kan haka suka rabu da ni. Makon jiya na hango shi a tashar Unguwa Uku da ƙullin atamfa a bayan babur yana ciniki da direban Jos. Na yi kamar ban gan shi ba.

Allah Ya jiƙan iyayenmu mata da suka rufa mana asiri daga bayan katanga, Ya sa albarka a sana'ar waɗanda ke raye, Ya tsare mu da cin haram. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.