Daga Aradu Zuwa Bututun Hayaƙi: Tarihin Wanke Iska da Filasma

Hayaƙin janareta da na injin niƙa, da na tirelolin da ke ratsa Bunguɗu tsakanin Gusau da Sakkwato, yana ɗauke da wata guba, naitirojin oksayid. Zafin cikin inji ne ke ƙulla naitirojin da oksijin su haife ta. Tana cin huhu, tana tayar da asma.

Kafin a yi inji, aradu ce ke wannan aiki. Duk walƙiyar da ta keta sama tana haɗa iskokin biyu, ruwa ya sauko da su gona a matsayin taki. A 1785 Henry Cavendish na Ingila ya kwaikwayi hakan da tartsatsin lantarki cikin bututun gilashi. A 1903 Kristian Birkeland da Sam Eyde na Norwe suka mai da shi sana'a, suka kafa masana'antar taki a Notodden a 1905. Harshen wutar tanderunsu filasma ne, wato iskar da lantarki ya farfasa ƙwayoyinta. Sai dai shan wutarsa ya yi yawa, dabarar Haber da Bosch ta 1913 ta ture shi gefe.

Da hayaƙin masana'antu ya addabi duniya, sai reshe ya juye da mujiya: wutar da ke ƙera gubar aka sa ta kama ta. Kamfanin Ebara na Japan ya fara harba ƙwayoyin lantarki cikin hayaƙi a shekarun 1970. A shekarun 1980 kamfanin ENEL ya gwada tartsatsi mai ƙyaftawa a tashar Marghera ta Italiya. Na'urar waya ce siririya a tsakiyar bututu, tana fitar da haske shuɗi-shuɗi ba tare da ta zafafa iskar ba. Gubar ta rikiɗe asid, a fesa amoniya, ta zubo ƙasa farin gari, takin zamani. An gina manyan na'urori irin na Ebara a Chengdu ta Sin da Pomorzany ta Folan.

Abin da ya kayar da Birkeland shi ke yi wa filasma tarnaƙi har yau, tsadar wuta. Shi ya sa manyan motocin dizal na zamani suka fi dogara da ruwan yuriya da ake fesa wa salansa, yuriyar da manomin Bunguɗu ke barbaɗa wa masararsa. Sai ranar da lantarki ya yi araha filasma za ta iya karawa da ita.