DUWATSUN RUMA DAGA BAKIN IYAKAR JIBIYA

A hutun damina na 2022 na sauka Jibiya wurin wani kawuna, jim kaɗan bayan an sake buɗe iyakar Magama wadda aka rufe tun 2019. Niyyata in gangara kudu ta Batsari in ga duwatsun Ruma. Na taɓa ganinsu sau ɗaya ina yaro: manyan falalen duwatsu masu santsi, irin dutsen nan mai tauri da Turawa ke kira giranit, wani ya hau kan wani kamar da hannu aka ɗora, in ruwa ya tsaya sai su yi ta ƙyalli. Da na faɗa wa kawu, sai ya ce, "Ɗana, wannan hanya ba ta masu kallo ba ce yanzu." Haka na ƙare hutuna a Magama ina kallon motocin Maraɗi, ina kuma tambayar dattawa labarin dajin da aka hana ni shiga.

Mai karatu zai tuna cewa bayan da jama'ar Shehu suka ci Katsina wajen 1807, Umarun Dallaje ya hau sarauta, tsofaffin sarakunan Haɓe kuwa suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Daga nan Katsina ta zama biyu, kowace tana cewa ita ce ta gaskiya. Ƙasar da ke tsakaninsu, wato su Ruma da kewayenta, ita ta sha wuyar wannan gardama. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarki Rauda na Maraɗi, garuruwan wannan yanki suka yi tawaye suka bi Ɗan Mari. Sarkin Katsina Siddiku, wanda ya yi mulki daga 1836 zuwa 1844, ya murƙushe su da ƙarfin gaske. Garuruwa suka watse, gonaki suka koma kurmi. Wato dajin Rugu da muke ɗauka tun fil azal daji ne, wani sashensa kufai ne.

To, a irin wannan zamani me dutse yake wa talaka? Ba abin sha'awa ba ne, ganuwa ce wadda ba a biya magini ba. Doki ba ya hawan falalen dutse. Daga ƙololuwa ana hango ƙurar mahara tun suna nesa, a kogo a ɓoye hatsi da yara, ruwan sama kuma yana kwanciya a ramukan dutse har bayan kaka. Wani dattijo ya ce mini kakarsa ba ta taɓa cewa dutse yana da kyau ba, sai dai ta ce yana da amana.

Turawa suka zo suka ja layi tsakanin 1906 da 1908, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Jibiya hannun Ingila, dajin kuma daga baya aka mai da shi gandun gwamnati. A 2020 har Gwamnatin Tarayya ta sanya gandun Kogo na ƙasar Faskari, can kudu, cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10 da ta amince da su. A takarda abin ya yi kyau. Amma a shekarun nan ne 'yan bindiga suka mai da Rugu mafakarsu, mutanen ƙauyukan Batsari da Jibiya da yawa suka yi hijira, wasu ma suka tsallaka zuwa ƙasar Maraɗi, ta hanyar da sarakunan Haɓe suka bi.

Ran da zan koma makaranta na sake yi wa kawu maganar Ruma. Ya ce in Allah ya kawo lafiya shi da kansa zai kai ni, ya nuna mini ramin da suke shan ruwa suna yara in sun je kiwo.